Yadda ake shuka Delosperma, furen da ya fi tsoron ruwa a kan ƙishirwa

Karo na farko da na shuka Delosperma, da hannuna na kashe ta, kuma da kyakkyawar niyya. Tushe shida na samo a ƙananan tukwanen roba. Na haƙa musu ramuka masu faɗi, na zuba taki baƙi wuluk wanda ya ruɓe sosai, na lulluɓe gindinsu da busasshen ganye don kada danshi ya gudu, sannan na bi su da ruwa kusan kullum. Wata biyu suka yi suna shar, har ina yaba wa kaina. Da sanyi ya shigo da ruwan samansa, wata safiya na kai hannu zan ɗaga reshen ɗaya, sai ga shukar gaba ɗaya ta biyo hannuna. Wuyanta, daidai inda kara ya haɗu da saiwa, ya yi baƙi ya narke kamar takardar da ta kwana a ruwa. Kafin mako biyu, biyar sun ce ga garinku. Wadda ta tsira ita ce wadda na rasa inda zan sa, na cusa ta a bakin matakala cikin tsakuwa, inda tiyon ban ruwa ma ba ya kaiwa.

Duk abin da zan faɗa a nan yana komawa ga tambaya guda: ta yaya za ka hana ruwa kwanciya a wuyan wannan shuka? In ka iya wannan, sauran aikin kaɗan ne.

Sanin asalinta

Delosperma nau'i-nau'i ce. Wadda nake magana a kanta, Delosperma cooperi, 'yar kudancin Afirka ce, daga tuddan lardin Free State na Afirka ta Kudu da ƙasar Lesotho. An sa mata sunan Thomas Cooper, wani Baturen Ingila da ya tattara tsirrai a yankin tsakanin 1859 da 1862, kuma a 1877 masanin tsirrai Joseph Hooker ya bayyana ta a rubuce. Shuka ce mai yaɗo, tsayinta ba ya wuce santimita 10 zuwa 15, amma tushe ɗaya kan shimfiɗu har santimita 60. Ganyenta kamar 'yan ƙananan yatsu ne cike da ruwa. In ka kusanto da idonka da hantsi za ka ga jikinsu yana ƙyalli kamar an barbaɗa ƙanƙara. Wasu 'yan ƙananan ƙuraje ne masu riƙe ruwa ke wannan walƙiya, kuma su suka sa Turawa ke kiranta da sunan da ke nufin tsiron ƙanƙara. Furenta ja ne mai ratsin shuni, faɗinsa kusan santimita 5. Yana buɗewa in rana ta ɗaga, ya rufe da yamma ko ranar da hadari ya rufe sama. Daga farkon zafi har cikin kaka tana fure, ƙudan zuma kuwa ba sa rabuwa da ita.

Abin da ya fi shafar mai lambu shi ne yanayin da ta saba da shi a can. A waɗannan tuddai ruwan sama a lokacin zafi yake zuwa, ya zubo da ƙarfi, ya gangare ta cikin duwatsu nan da nan. Hunturu kuwa sanyi ne mai ratsa ƙashi, amma busasshe. Shi ya sa tana iya jure sanyin digiri 15 ƙasa da sifili, har fiye da haka, muddin ƙasar da take ciki a bushe take.

To ga inda gizo ke saƙar. Da yawa daga cikin wuraren da ake cewa suna da matsakaicin yanayi, kamar gaɓar Bahar Rum da Kalifoniya da yammacin Turai, da hunturu suke samun ruwansu mai yawa ko mafi daɗewa a ƙasa. Wato ana ɗura mata ruwa a lokacin da take barci, ba ta sha, ba ta girma, saiwarta na jiƙe sharkaf kwana da kwanaki. Sanyin irin waɗannan wurare ko a jikinta. Laimarsu ce ke gamawa da ita.

Wajen zaɓen abin da za ka shuka

Ka tabbatar Delosperma ce aka ba ka. Akwai 'yar uwarta da ake kira Carpobrotus edulis, ita ma daga Afirka ta Kudu, ita ma ana kiranta tsiron ƙanƙara. Ganyenta ya kai kaurin yatsan babban mutum, kuma in ka yanka shi za ka ga kusurwa uku ne da shi. An kai ta Kalifoniya don ta riƙe ƙasa a gefen layin dogo da manyan tituna, sai ta fi ƙarfin masu ita, ta mamaye bakin teku tana danne tsirran asali. Haka ta yi a gaɓar Bahar Rum da wasu sassan kudu maso yammacin Ingila. Wannan kam a bar ta inda aka gan ta. Ganyen Delosperma siriri ne mai mulmulallen jiki.

In wurinka ya fi sanyi, akwai Delosperma nubigenum mai fure rawaya, wadda ta fi juriya amma furenta ba ya daɗewa, 'yan makonni ne bayan fitar sanyi. Ni dai ga mai farawa cooperi nake zaɓa, don ta fi yafiya kuma ta fi tsawon fure.

Ka matsa ganyen a hankali, ya kamata ka ji shi da tauri. Ka duba wuyan, kada ya zama baƙi ko ya yi laushi. Tushen da ya yi dogayen rassa sirara, ganyensa nesa da juna, a inuwa ya girma. Ƙarami mai dunƙulallen jiki ya fi shi.

Mataki na farko: wuri

Rana take so, aƙalla awa shida a yini. A inuwa ba ta mutuwa nan take, sai dai ta miƙe tana neman haske, ta yi ganye ta hana ka fure. Mazauna arewacin duniya su nemi gefen da ke fuskantar kudu, na kudancin duniya kuma gefen arewa.

Bayan ruwan sama mai ƙarfi, fita ka zagaya lambunka ka ga inda ya fara bushewa. Nan ne gidanta: gangare, kan katanga mai ƙasa, tsakanin duwatsu, bakin hanyar da aka yi wa daɓe. Ka guji ƙarƙashin indararo, da gindin itacen da ke zubar da ganye, da gefen filin ciyawa da ake fesa wa ruwa kowace safiya. Kada kuma ka sa ta inda ake takawa. Tana shimfiɗuwa kamar darduma, amma ƙafa ɗaya ta isa ta fashe ganyen.

Mataki na biyu: ƙasa

A nan ake cin nasara ko a faɗi, tun ran gini tun ran zane. Kada ka yi gaggawa.

Fara da gwaji. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse. Sake cika shi a karo na biyu, ka duba agogo. Na biyun shi ne ke faɗin gaskiya, don na farko busasshiyar ƙasa ce ta shanye. In ka dawo bayan awa biyu zuwa uku ka tarar ramin wayam, ƙasarka ta yi. In ruwa ya kwana a ciki, kada ka kuskura ka dasa ta a haka. Za ka iya ƙarawa da gwajin hannu: ɗebi ƙasa mai ɗan danshi ka dunƙule, sannan ka taɓa ta da yatsa. Wadda ta wargaje ta yi kyau. Wadda ta tsaya a dunƙule tana sheƙi, laka ce.

Masu ƙasar laka suna yin kuskure iri biyu, kuma dukansu na taɓa gani. Na farko shi ne a haƙa rami a cikin lakar a cika shi da yashi da tsakuwa. Abin da ka yi shi ne ka gina randa a ƙasa: ruwan da ke kewaye zai gangaro cikin ramin ya rasa mafita, shukarka tana zaune a tsakiya. Na biyu shi ne a cakuɗa rairayi mai laushi kaɗan da laka. In ya bushe sai ya ƙame kamar tubali.

Mafita ita ce ka ɗaga shukar sama da matakin lambun. Sassauta ƙasar wurin da cokalin haƙa ko fartanya, sannan ka tara tudu a kai mai tsayin santimita 15 zuwa 20, ko fiye in ruwa na yawa a wurinku. Haɗin da nake yi shi ne bokiti ɗaya na ƙasar lambu, ɗaya na yashi mai gautsi irin na gini da aka wanke, ɗaya na ƙananan tsakuwa kamar girman ƙwayar wake ko ƙasa da haka. Ka cakuɗa sosai, ka haɗe ƙasan tudun da ƙasar da ke ƙarƙashinsa don kada a sami iyaka tsakaninsu. In ka jera duwatsu a gefe za su riƙe tudun, su kuma tara ɗumin rana su sake shi da dare. Da ka gama za ka dubi haɗin ka ce anya wani abu zai tsiro a nan? Haka ake so. Taki ko kaɗan kada ya shiga.

Abu ɗaya da mutane ke tsallakewa su yi da na sani: ciyawa mai saiwa a ƙasa, irin su kiri-kiri da aya-aya. Ka tone su tas kafin dashe. In Delosperma ta shimfiɗu a kansu suka huda ta cikinta, babu yadda za ka cire su ba tare da ka yayyaga shukar ba. Gara ka shirya wurin, ka ba shi ruwa, ka jira mako biyu ka ga abin da zai tsiro ka tumɓuke, sannan ka dasa.

Mataki na uku: dashe

Lokacin da ya fi shi ne bayan sanyi ya fita, an daina ganin raɓa tana daskarewa da asuba, ƙasa ta fara ɗumi. Haka za ta sami watannin zafi gaba ɗaya ta kafa saiwa kafin laimar hunturu ta iso. Dashen ƙarshen kaka caca ne.

In daga rumfa ko ɗakin gilashi aka fito da ita, kada ka jefa ta cikin rana kai tsaye, ganyen zai ƙone ya yi fari. Ba ta mako guda tana sabawa, awa biyu yau, huɗu jibi.

Juya tukunyar a tafin hannunka ka zare tushen. Sau da yawa za ka tarar an raine ta cikin wata baƙar ƙasa mai kama da soso. Wannan soson in ka binne shi yadda yake, zai riƙe ruwa daidai wurin da ba a so. Kakkaɓe rabinsa ko fiye da yatsunka, ka warware saiwoyin da suka naɗe. Ko wasu sun tsinke, ba komai.

Ramin kada ya fi tushen zurfi. Zaunar da ita yadda wuyanta zai ɗara saman ƙasa da kamar santimita ɗaya. Cika gefe, ka danna da hannu, ban da ƙafa. Bar tazarar santimita 30 zuwa 40 tsakanin tushe da tushe. Wurin zai yi kama da kan mai sanƙo a watannin farko, amma kafin shekara ta zagayo sun haɗe.

Sai ka zuba tsakuwa a sama, kaurin santimita biyu zuwa uku. Ɗaga rassan da hannu ɗaya, ka tura tsakuwar har ƙarƙashinsu, ta zagaye wuyan. Ganye ya kwanta a kan dutse, kada ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ɓawon itace da busasshen ganye da ake lulluɓe wa sauran furanni, ita guba ne a gare ta. Daga nan ka ba ta ruwa sau ɗaya, mai yawa, don ƙasa ta zauna.

Mataki na huɗu: ban ruwa

Cewa tana jure fari ba ya nufin sabuwar dashe za ta rayu da iska. A mako huɗu zuwa shida na farko saiwarta ba ta je ko'ina ba. Ture tsakuwar ka soka yatsa har gaɓa ta biyu. In ka ji a bushe, ba ta ruwa sosai a gindi, da safe. In da sauran sanyin danshi, mayar da tsakuwar ka tafi abinka. Yawanci abin kan kama sau ɗaya a kwana biyar zuwa bakwai, amma yatsanka ya fi kalanda sanin gaskiya.

Alamar ta kama ƙasa ita ce sabon toho a bakin rassa. Daga nan sai ka ja da baya.

Inda ake samun ruwan sama jefi-jefi da zafi, kana iya rataye tiyo ka manta da ita. Amma inda zafi ke zuwa da fari na watanni, kamar ƙasashen Bahar Rum, ka tuna a gidansu da zafi take shan ruwa. Ba za ta mutu ba in ka ƙyale ta, sai dai ta tsuke ta daina fure. Ruwa mai ratsa ƙasa sau ɗaya a mako biyu ya ishe ta ci gaba da buɗe fure. Yayyafin kullum kuwa shi ya fi kowanne muni: yana jiƙa wuya, ba ya kaiwa saiwa.

Da kaka ta shigo sai ka rinƙa ragewa har ka daina. Ganyen da ya shiga sanyi a ɗan tsuke ya fi wanda ya cika tim da ruwa juriya, don ruwan ne ke daskarewa ya fasa shi daga ciki.

Ka koyi karatun ganyenta. In ya yamutse, ƙyallinsa ya dushe, ƙasa kuma ƙamas, ƙishirwa ce, kuma kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa zai cika ya dawo. In ya yi rawaya, ya yi laushi har kana hango haske ta cikinsa, ruwa ya yi yawa. Akwai kuma ta uku mai yaudara: ganye a yamutse, ƙasa kuwa jagab. Mai lambu ya ga yamutsa sai ya ruga ya ɗebo ruwa, alhali saiwar ce ta riga ta ruɓe, ba ta iya sha. In ka ga haka, yanki lafiyayyun rassa daga baki-baki ka ajiye don sabon dashe, ka tone sauran ka zubar tare da ƙasar da ke gindinsa.

Taki da gyara

Kusan babu. Takin zamani mai yawan naitirojin zai ba ka ganye kore shar mai taushi, fure kaɗan, da shukar da sanyin farko zai kwantar. In bayan shekara biyu ka ga ta yi fari-fari ba ta ci gaba, ba ta takin ruwa da aka tsarma sosai, sau ɗaya, a farkon ɗumi. Busassun furanni ba dole a cire su ba. Reshen da ya haura hanya, almakashi ya ishe shi.

Katantanwa kan ci sabon toho in dare ya yi laima, sai a bi su da tocila a tsince. Darɓa da wasu fararen ƙwari masu kama da ɓurɓushin auduga kan maƙale a hammatar ganye, musamman ga wadda ke cikin tukunya. Auduga da ɗan sifirit na gamawa da su in ba su yi yawa ba.

Hunturu

Aikinka na farko shi ne kwashe duk ganyen itace da iska ta zubo a kanta. Mako guda a ƙarƙashin jiƙaƙƙen ganye ya isa ya bar baƙin tabo a tsakiyarta. In ganyenta ya koma ja-ja da sanyi, kada hankalinka ya tashi, haka take yi, kuma zai koma kore.

Inda ruwan hunturu ba ya ɗaukewa, yi mata laima. Jera bulo biyu ko uku a gefe, ka ɗora gilashi ko roba mai tauri da haske ke ratsawa, ka danne da dutse, ka bar gefuna a buɗe iska na wucewa. Rufin sama kawai ake nema. Wanda ya naɗe ta ruf da leda ya haɗa mata gumi da laima a wuri guda.

Abin da sanyi ya ƙona, bar shi har sai ɗumi ya dawo ka ga inda toho ya fito, sannan ka yanke matattun.

In a tukunya za ka sa ta, zaɓi ta ƙasa mai huda a gindi, kada ka sa faranti a ƙarƙashi, ka ɗora ta a kan duwatsu uku. Tsakuwar da ake zubawa a gindin tukunya wai don ruwa ya fita ba ta taimakawa, sai ma ta matso da jiƙaƙƙen sashen kusa da saiwa. A cakuɗa tsakuwar cikin ƙasar gaba ɗaya. Tukunya kuma ta fi ƙasa saurin bushewa da saurin daskarewa, don haka da zafi a ƙara leƙa ta, da hunturu a matsar da ita jikin bango inda rufi ke tare ruwa.

Sabuntawa da yawaitawa

Bayan shekara uku ko huɗu tsakiyar tushen kan yi itace ya kaɗe, gefuna na ci gaba. Kada ka jira sai ta kai haka. Kowace shekara ka ajiye 'yan sababbi.

Ɗaga bakin shimfiɗar ka duba, za ka tarar wasu rassan sun riga sun yi saiwa inda suka taɓa ƙasa. Yanke su daga uwar, ka ɗauke da 'yar ƙasarsu, ka dasa. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi. In babu, yanki reshe mai tsawon santimita 5 zuwa 10 wanda ba shi da fure, ka zare ganyen ƙasa, ka ajiye shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu har bakin yankan ya bushe. Soka shi cikin yashi mai ɗan danshi, a wuri mai haske amma ba rana tsaka ba. Bayan mako biyu zuwa uku ka ɗan ja shi. In ya yi maka gardama, ya yi saiwa.

Iri kuwa yana da nasa abin kallo. Bayan fure ya bushe za ka ga ɗan kwanso mai launin ƙasa, ƙarami, a rufe gam. Tsinko ɗaya ka sa a farin faranti, ka ɗiga masa ruwa. Cikin 'yan mintuna zai buɗe kamar tauraro mai kusurwa biyar, ƙwayoyin iri na kwance a fili ba abin da ya rufe su. In ya bushe ya sake rufewa. Dabara ce ta sakin iri sai ranar da ruwa ya sauka. Daga wannan irin da ke kwance a fili kuma sunan Delosperma ya fito: a harshen Girka, delos na nufin abin da ke bayyane, sperma kuma iri.

Ƙwayoyin ƙanana ne kamar ƙura. Barbaɗa su a saman yashi mai danshi, ka danna da tafin hannu, kada ka binne, don suna buƙatar haske kafin su tsiro. A ɗumin digiri 20 ko kusa da haka, mako biyu zuwa uku za ka fara ganin kore. Ta ƙasa ake ba su ruwa, a tsoma gindin tiren a kwano na 'yan mintuna, don fesawa ta sama na wanke su gefe guda. Sai sun yi ganye huɗu zuwa shida ake raba su.

Sai dai ka sani, reshe ne kawai ke maimaita uwa sak. Iri kan zo da abin da ba ka zata ba, musamman in kana da launi fiye da ɗaya a lambu ƙudan zuma na kai da kawowa. Wani nau'i mai launin ruwan hoda da ɗan ratsin ruwan goro da ake kira Kelaidis, a lambun tsirrai na birnin Denba a Amurka ya ɓullo da kansa a ƙarshen shekarun 1990, a tsakiyar jajayen cooperi. Saboda haka in ka ga wani ɗan tsiro ya fito cikin tsakuwa nesa kaɗan da uwar, bar shi ya yi furen farko kafin ka yanke masa hukunci.